Ƙarar da ke Bayan Tsohuwar Datsun

Asabar, Zariya.

Yau na keɓe yinin gaba ɗaya domin gano asalin ƙarar da ta addabi Datsun 240Z ɗin da na gada daga mahaifina, Allah Ya ji ƙansa. Motar ƙirar Japan ce ta farkon shekarun 1970, mai kujeru biyu, injinta silinda shida ne a jere mai lita 2.4, kuma tayoyin baya ne ke tura ta. Idan ana tafiya a hankali cikin gari ba a jin komai, amma da zarar na taka totur da ƙarfi, musamman bayan na saka giya ta biyu, sai a ji bugu ɗaya daga ƙarƙashin bayan kujera kamar an saki taɓarya a turmi, idan na ɗaga ƙafa kuma a ji wani ƙaramin bugun ya biyo baya.

Da hantsi na kai ta garejin dattijon da ya riƙa duba ta tun zamanin mahaifina, a Sabon Gari. Kafin in gama bayani ɗaya daga cikin yaransa ya yanke hukunci cewa giyabos ne, a sauke shi kawai. Dattijon bai tanka masa ba, sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, ba za a taɓa sifana ba sai na ji ta da kunnena a kan titi." Na ce, "To, Baba, bismillah."

Muka bi ta Kwangila muka hau hanyar Sakkwato, sai da muka wuce cunkoson Samaru muka nufi Shika sannan ya fara ba ni umarni. Da farko ya sa na kai motar wani matsakaicin gudu, na cire giya na bar ta tana gangarawa, ba mu ji komai ba. Ya ce wannan ya wanke boris ɗin tayoyi, domin kukan boris gudun mota yake bi, ko an taka totur ko ba a taka ba. Sai ya sa na tsaya a gefe injin na aiki, na taka kuloci na saki, nan ma shiru, alhali da boris ɗin cikin giyabos ne ya ci, da an ji gurnani mai ɓacewa idan an taka kuloci. Game da haƙoran aksul na baya kuwa, ya bayyana mini cewa idan sun cinye, kuka suke yi mai tsawo wanda ke ƙara siranta yayin da gudu ke ƙaruwa, ba bugu ɗaya ba. Abin da ya rage shi ne wani abu mai wasa a mazauninsa, wanda ƙarfin injin ke fizga sau ɗaya ya kai shi iyaka ya tsaya. A ganina wannan rabewar ta cikin mota ita ce rabin aikin, kuma ba ta ci mana komai ba sai ɗan fetur.

Da muka dawo aka hau da motar kan rami. Ya kama farfela, wato doguwar sandar da ke kai juyin inji daga giyabos zuwa aksul na baya, da hannu biyu ya murɗa ta hagu da dama yana duba kurus, wato gaɓoɓin da ke bakinta, na gaba da na baya, bai sami wasa ba, kuma babu jan ƙurar tsatsa a bakinsu, wadda ita ce alamar kurus ya bushe. Wannan motar kowace tayar baya tana da nata ƙaramin shaf mai kurus biyu, don haka sai da ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya girgiza salansa ya ga ba ta taɓa jikin mota, ya kuma tsiyayi ɗan man aksul ya murza a yatsa, babu garin ƙarfe a ciki.

Daga nan aka sa katako a gaban tayoyi, na ja birkin hannu, na saka giya ta ɗaya na ɗan saki kuloci kaɗan, shi kuma yana ƙasa da tocila. Nan take ya ce in kashe in sauko in gani. Hancin akwatin aksul ɗin, wato inda farfela ke shiga, yana zaune ne a kan mauntin na roba, sama da shi kuma akwai wata ɗamara da ke hana shi ɗagawa fiye da kima. Duk lokacin da aka taka totur, ƙaramin haƙorin da farfela ke juyawa a cikin akwatin na ƙoƙarin hawa babban haƙorin da ke juya tayoyi, sai hancin ya yunƙura sama. Robar tamu ta rabu da ƙarfenta gaba ɗaya, ɗamarar kuma ta saki saboda tsufa, shi ya sa hancin ke tashi ya bugi sama, ya faɗo idan an ɗaga ƙafa. Da ya sa dogon ƙarfe ya ɗaga shi, na ga tsagar da idona. Bushin ɗin, wato zoben robar da ke jikin sandar da ke riƙe da akwatin ta baya, su ma sun fara tsattsagewa.

Yaron nan ya sake kawo shawarar a walde wurin da ƙarfe a huta. Baba ya ƙi, ni ma ban yarda ba, domin idan babu roba duk kukan haƙoran zai shigo cikin mota, kuma fizgar da robar ke shanyewa za ta koma kan wani sashen. Na zaga wajen masu sayar da kayan gyara a Sabon Gari har bayan la'asar ban samu ba, wasu ma ba su taɓa ganin irin motar ba. Ranar Litinin, in Allah Ya kai mu, zan leƙa Panteka a Kaduna da tsohon mauntin ɗin a hannu, idan ba a dace ba sai in yi oda daga waje tare da ɗamarar da bushin ɗin, a canja su lokaci guda. Motar na bar ta a garejin, na hau Keke Napep na koma gida.