Cike ramin kwal da dutse ta hanyar iska a yankin Ruhr

Lokacin da nake koyon aiki a wata mahaƙar kwal a yankin Ruhr na Jamus, an haɗa ni da masu cike gurbin da aka kwashe kwal. In aka bar gurbin haka nan, rufin zai rufta, a hankali ƙasar da ke sama ta lotsa da kusan kashi 90 cikin ɗari na kaurin kwal ɗin da aka cire. A sama kuwa ga gidaje, ga layin dogo, ga kogin Emscher. Akwai wuraren da suka lotsa fiye da mita 20, har yau famfo ne ke hana ruwa shanye su.

Abin cikon shi ne dutsen da aka ware a wurin wanke kwal. Ana mayar da shi ƙasa, a zuba wa wani inji mai juyawa, shi kuma ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan cikin bututu, iska mai matsi ta kwashe shi da gudu ta watsa a gurbin.

A takarda abin da sauƙi. A rami kuwa, damshin dutsen ne ke yanke maka hukuncin yininka. Ya bushe da yawa, ƙura ta turnuƙe har fitilar hularka ba ta nuna maka na kusa da kai, ga ta da cin huhu. Ya jiƙe da yawa, laka ta manne, bututu ya toshe, sai a tsayar da komai a bi gaɓa-gaɓa ana kwancewa a durƙushe. Dattijon da ke koya mini kan ɗora tafin hannunsa a kan bututun. Muddin dutse na ƙara kamar ƙanƙara a kan kwano, lafiya lau. Da sautin ya yi nauyi, sai ya ba mai inji alama ya rage zubi, ya bar iska ta share hanya.

Gwiwar bututu ce ke fara hujewa, duk da an lulluɓe cikinta da narkakken baƙin dutse. Kullum ita muke fara dubawa, kuma ba wanda ke gilmawa ta gaban bakin bututu.

Duk wannan wahala, lotsawar ba ta tsayawa, tana dai raguwa zuwa kusan rabi. Ga tsadar iska, ga jinkirta haƙa. Shi ya sa tun kafin a rufe Prosper-Haniel, mahaƙar kwal ta ƙarƙashin ƙasa ta ƙarshe a Ruhr, a Disambar 2018, yawancin mahaƙu sun gwammace su bar rufi ya rufta su biya diyyar gidajen da suka tsage.