Kurar da na zana da kunne

Shekara goma sha biyu ke nan ina cin abinci da zane. Na fara ne a rumfar wani mai fentin manyan motoci a Kano, inda ake zana zaki da gaggafa a bayan tirela da gingimari, daga baya na koma yi wa littattafan yara hotuna. A rumfar nan zaki ɗaya muke da shi. Maigidana ya koye shi a hannun nasa maigidan, ni kuma na koya a hannunsa: baki a wangame, geza ta cika kai da wuya har ƙirji, ƙafar gaba ɗaya a ɗage, wutsiya ta lanƙwaso sama. Na zana shi sau ba adadi, kuma babu direban da ya taɓa dawo da mota ya ce wannan ba zaki ba ne. Kwarjini direba yake nema, ya kuma samu.

Da wannan hannun na shiga aikin littattafai. Aiki na farko mai tsoka da aka ba ni shi ne hotunan wani littafin tatsuniyoyi, kuma Kura tana cikin fiye da rabinsu. Ban ga abin wahala ba. Wane Bahaushe ne bai san kura ba? Tun muna goye ake ba mu tsoro da ita, muna da karin magana a kanta fiye da kowace dabbar daji. Cikin mako biyu na gama, na tafi ƙauyenmu hutun ƙarshen mako da takardun a jaka.

Ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi farauta tun yana saurayi har ƙafa ta hana shi. Bayan la'asar na shimfiɗa masa hotunan a kan tabarma. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago ya ce, "Ɗana, wannan ai kare ne ka yi masa ɗigo-ɗigo." Na ce, "Kawu, kura ce." Bai yi mini gardama ba. Sai ya ɗauki tsinke ya ja layi a ƙasa, layin ya taso sama ta gaba ya gangara ta baya. Ya ce, "Ga bayan kura. Ƙafafunta na gaba sun fi na baya tsawo, shi ya sa in tana tafiya sai ka ce ɗingishi take. Wuyanta kauri gare shi, kanta a ƙasa take riƙe shi. Kunnenta a zagaye yake, ba tsini kamar na karenka. Ko sawunta ka gani a bakin rafi, na gaba ya fi na baya girma." Ya ƙara da cewa akwai wata iri mai zane-zane a jiki da kunne mai tsini da gashi a gadon baya, ita dabam ce, kada in haɗa su.

Daren nan ban yi barcin kirki ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ban taɓa tsayawa na kalli kura ba, ko na minti biyar. Na sha ganin masu wasa da kura suna wucewa da ita a kasuwa da takunkumi da sarƙa, amma gardin nake kallo da taron jama'a. Abin da hannuna ya zana labarinta ne da na ji, sai ya aro jikin dabbar da ido ya saba da ita ya ɗora labarin a kai.

Da na koma Kano na roƙi a ƙara mini lokaci, na riƙa zuwa gidan zoo na Audu Bako da sassafe da littafin zane da fensir. Kwanakin farko kusan babu abin da na zana, domin kura a keji yawanci kwance take da rana. Amma ko kwanciyar akwai karatu a cikinta. Na ga yadda take ɗora haɓa a kan ƙafafun gaba, na ga faɗin goshinta da ƙarfin muƙamuƙinta, na ga ɗigon jikinta ba baƙi ƙirin ba ne, kuma yana dusashewa wajen wuya da ciki. Abin da ya fi ba ni mamaki fuskarta ce. In tana hutawa babu mugunta ko wauta a cikinta ko kaɗan. Kwaɗayi da tsoro da rashin wayo da muke jingina mata, na Kurar tatsuniya ne. Ta daji kuwa mafarauciya ce da ke kama yawancin abincinta da kanta a wurare da dama, tana zaune cikin dangi, kuma mace ce ke shugabanci, ta ma fi namijin girman jiki.

A nan na gamu da tambayar da har yau nake fama da ita a kowane aiki. Littafin tatsuniya nake yi wa hoto, kuma a tatsuniya dole Kura ta zama wawiya Gizo ya cuce ta, in ba haka ba labari ya mutu. To ina zan sa gaskiyar dabbar, ina zan sa halin labarin? Abin da na tsaya a kai shi ne ƙashi da tsoka su zama na kurar Allah, hali kuma ya fito a ido da yadda take karkata kai da yadda take leƙen tukunya. Yaro ya yi dariyar wautarta, amma ranar da ya gan ta da idonsa ya gane ta.

Bayan wannan ne na fara karanta tarihin zanen dabbobi, sai na tarar ciwon nan tsoho ne, kuma ya kama waɗanda suka fi ni nesa ba kusa ba. A 1515 aka kai wata karkanda daga Indiya zuwa Lisbon, kyauta ga Sarki Manuel na ɗaya na Fotugal. Turai ta yi fiye da shekara dubu ba ta ga karkanda mai rai ba. Albrecht Dürer, babban mai zane na Jamus, yana zaune a Nuremberg, bai je ya gan ta ba. Wasiƙa ce ta iso garinsu da ɗan zanen da wani ya yi, da su ya zana hotonsa, aka sassaƙa shi a kan katako aka buga. Ya sa wa dabbar sulke kamar na mayaƙi, ya yi mata ɓawo a ƙafafu irin na kifi, ya dasa mata wani ƙaramin ƙaho a doron wuya wanda babu karkandar da ke da shi. Ita dabbar kuwa sarkin ya aika wa Fafaroma Leo na goma ita, jirgin ya nutse a gaɓar Italiya a farkon 1516. Hoton ya rayu, aka yi ta kwafarsa a littattafan ilimi har cikin ƙarni na 18, ƙahon ƙarya da komai. Ina ganin girman Dürer har gobe, domin hoton yana da kyau ƙwarai, kuma shi yana da uzuri, tsakaninsa da dabbar akwai ƙasashe da teku. Ni tsakanina da kura kuɗin mota ɗaya ne.

Irin wannan kwafe-kwafen yana nan a littattafan yaranmu, intanet ma ta ƙara masa gudu. Ka buɗe littafin koyon baƙaƙe ka duba "D, damisa", sau da yawa dabba mai ratsin baƙi da ruwan goro za ka gani, wadda a Asiya take, ba ta taɓa zama a dajin Afirka ba. Damisarmu ɗigo gare ta, ɗigon ma a jere yake kamar ƙananan zobba, ita ce ake yi wa kirari da ƙi sabo. Giwa ma haka. Ta Indiya ake sakawa, mai ƙananan kunnuwa da doro, alhali giwar da ke Yankari kunnenta faffaɗa ne kamar faifai, bayanta ya lotsa a tsakiya, kuma mace da namiji duk suna da haure. Wani mai buga littattafai ya taɓa ce mini in saka mai ratsin domin ta fi ɗaukar ido a bango. Na zauna na yi masa bayani, na nuna masa hoton damisoshin hauren giwa na masarautar Benin, waɗanda sojojin Ingila suka kwashe a 1897. Masassaƙan Benin sun sarrafa siffar yadda suke so, sun yi ɗigon da tagulla, amma ɗigo suka yi, domin damisar da suka sani ke nan. Ya yarda, ko da yake ba da son ransa ba.

Babban malamina a wannan fanni kuwa ya rasu shekara dubbai kafin a haife ni. A ƙasar Azbin, arewa da Agadas, akwai wani dutse a wurin da ake kira Dabus, an sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikinsa. Babban ya haura mita 5, wato girman dabbar na gaskiya. Masana suna ƙiyasta shekarunsa tsakanin 6,000 zuwa 8,000, lokacin da Sahara take da ciyawa da tafkuna. Wanda ya yi aikin ba shi da ƙarfe, dutse ya sa ya sassaƙi dutse, ya goge, ya fitar da kowane tabo na jikin dabbar da iyakarsa, ya fitar da ƙananan ƙahonin nan biyu da siririn ƙafa da kaurin gwiwa. A 1999 aka ɗauki samfurinsa, aka kuma ajiye kwafi a filin jirgin saman Agadas.

A hoto na fara ganinsa, kuma ban san darajarsa sosai ba sai a 2018 da wani aiki ya kai ni Yamai, na samu na je Kure, kimanin kilomita 60 daga birnin. A nan ne yawancin ragowar raƙuman dawan Afirka ta Yamma suke kiwo a cikin gonakin mutane. A 1996 saura 49 kacal suka rage a duniya, kulawa ta sa suka haura 600. Na yini ina bin su daga nesa tare da ɗan rakiya. Raƙumin dawa in yana tafiya ƙafafun gefe ɗaya yake ɗagawa kusan tare, dama da dama, hagu da hagu, kamar raƙumin gida, jikinsa yana rangaji, wuyansa yana kai da komo. Da na dawo masauki na buɗe hoton Dabus na ajiye kusa da zanen da na yi ranar, sai na ga mutumin nan ya san inda wuya yake haɗuwa da kafaɗa, ya san yadda baya yake gangarowa. Ya zauna ya kalle su kamar yadda na zauna, sai dai shi rayuwarsa duka ya yi yana kallo. Wasu masana na ƙasar Hangari ma sun bincika wannan a 2012, suka gwada yadda aka zana takun dabbobi masu ƙafa huɗu a zamani daban-daban, suka tarar masu zanen jikin duwatsu na dā sun fi waɗanda suka zo bayansu ƙarancin kuskure.

Akwai wani abu kuma a zanen Dabus. Daga bakin kowane raƙumin dawa wani layi ya sauko har zuwa wani ɗan ƙaramin mutum a ƙasa. Wasu masana suna cewa igiya ce ta kamu, wasu suna cewa alama ce ta wata alaƙa a imanin mutanen. Ko ma mene ne, mai zanen ya ƙara abin da ke zuciyarsa ne bayan ya gama ba dabbar haƙƙinta. Wannan ya kwantar mini da hankali game da Kurata ta tatsuniya. Yau babu raƙumin dawa ko ɗaya a Azbin, dutsen nan ne shaidar cewa sun taɓa zama a can. Nakan tuna da haka in ina yi wa yaran birni hoto, domin da yawansu kurar da ke cikin littafina ita ce kaɗai za su gani har su girma.

Zaki ne na ƙarshe da na koma na gyara. Na karanta cewa namijin zakin Afirka ta Yamma gezarsa ba ta da yawa, wani ma ɗan gashi ne kawai a wuya da ƙirji, kuma binciken da aka fitar a 2014 ya nuna kimanin 400 ne suka rage a yankin gaba ɗaya, yawancinsu a dazukan da suka haɗa Nijar da Benin da Burkina Faso. A Najeriya sai 'yan kaɗan a Yankari da dajin Kainji. Ashe zakin rumfarmu baƙo ne, daga hotunan gabashi da kudancin Afirka ya zo mana.

Na zana namu, siriri, mai 'yar geza, yana kwance ƙarƙashin ƙaya, na kai wa maigidana a rumfa ranar wata Asabar. Ya goge hannunsa da tsumma, ya karɓa, ya matsa bakin ƙofa inda haske yake. Ya ce, "Yaro, babu direban da zai biya kuɗin wannan." Na ce, "Na sani, Maigida." Ya sake kallonsa, ya tambaye ni ko da gaske haka namu yake, na ce haka yake. Sai ya sa yaron shago ya kawo ƙusa, ya kafe takardar a bango sama da gwangwanayen fenti, ya koma kan tirelar da yake yi wa aiki.