Yadda masu zanga-zanga suka karɓe birnin Zagreb

Ni siyasar Kuroshiya ba ta cikin abin da ya dame ni, sai da wani abokina da ke karatu a can ya yi ta cika min kunne da labarin Možemo, jam'iyyar siyasar da ta karɓe Zagreb, babban birnin ƙasar.

Asalinsu 'yan gwagwarmaya ne. Tomislav Tomašević ya yi shekaru yana jagorantar zanga-zanga kan miƙa filayen jama'a ga 'yan kasuwa, a zamanin Milan Bandić, magajin garin da ya riƙe Zagreb kusan shekara 20. A 2017 ƙawancensu na masu ra'ayin talakawa da masu kare muhalli ya samu kujera 4 kacal a majalisar birni. A 2020 suka ci 7 a majalisar ƙasa. Bandić ya rasu a Fabrairun 2021, bayan wata uku Tomašević ya lashe kujerarsa da kusan kashi 65 cikin 100.

Abin da ya fi burge ni kuwa shara ce. A 2022 suka tilasta sayen shuɗiyar leda ta musamman, mai yawan shara ya biya da yawa. Mutane suka yi ta gunaguni, abokina ma har da shi. Duk da haka, a 2025 suka sake zaɓen Tomašević.