Sabuntawa ɗaya ta kore ni daga gem ɗin da na zuba wa dala

Sai da na gama sauke sabuntawar kaf, gigabait talatin da wani abu, da datar dare da na saya musamman dominta, sannan gem ɗin ya sanar da ni cewa ya daina hulɗa da irin babbar manhajar da ke kan kwamfutata, wato Linux, wadda nake amfani da ita a maimakon Windows. Wani ɗan ƙaramin akwati ne ya fito a tsakiyar allo, da layi biyu na Turanci da maɓalli guda, wanda aikinsa kawai ya rufe gem ɗin. Da an faɗa mini kafin in fara saukewa, da aƙalla datata ta tsira.

Ba zan kama sunan gem ɗin ba. Na harbi ne, irin wanda ake shiga rukuni-rukuni ta intanet, kuma ni da abokaina muna buga shi kusan kowane dare bayan isha'i idan akwai wuta.

Yadda na koma Linux ba shi da wani dogon labari. Kwamfutata 'yar gwanjo ce, tana da ƙarfinta, amma furosesarta Intel ce ta zubi na 7, Windows 11 kuwa a hukumance daga na 8 take farawa, ga kuma sharaɗin TPM 2.0, wata 'yar na'urar tsaro a cikin kwamfuta. Microsoft ta riga ta sanar cewa 14 ga Oktoba 2025 za ta daina kula da Windows 10. Na ɗora Linux Mint, ɗaya daga cikin nau'o'in Linux, na saka Steam, kasuwar gem ta kamfanin Valve, na kunna Proton, manhajar da ke sa gem ɗin Windows ya tashi a Linux, shi ke nan. Proton ɗin nan da Valve ta fitar a 2018 a kan Wine, mai tafiyar da manhajojin Windows a Linux, ya yi nisa ƙwarai, musamman tun da Steam Deck, na'urar gem ta hannu ta Valve, ta fito a 2022 tana tafiya a kan Linux. Kusan duk gem ɗin da ke ɗakin ajiyata ya tashi ba gardama. Wanda muke bugawa da dare ma na duba shi a ProtonDB, shafin da masu Linux ke ba da rahoton yadda kowane gem ke aiki, kafin in goge Windows, na ga mutane sun ba shi shaidar zinariya, na gwada, ya tashi sumul. Har fankar kwamfutar ta rage ihu.

To da na ga komai lafiya, sai na saki jiki na fara kashe kuɗi a ciki. Tikitin zango mai buɗe kyaututtukan cikin gem, kayan ado na ɗan wasana, fentin bindiga, irin tarkacen nan da ba sa ƙara maka iya harbi amma rai yana so. Kuma duk wanda ya biya wani abu na waje daga Najeriya a 'yan shekarun nan ya san azabar: katin naira ba ya wucewa a lokacin, sai ka nemi katin dala na intanet, ka loda shi a farashin da ya fi na banki, a cire maka kuɗin caji a kai. Haka na riƙa yi kaɗan-kaɗan. Duk suna nan a asusuna har yanzu, lafiyarsu ƙalau.

Daren da abin ya faru ban yarda ba. Mai amfani da Linux ya saba da cewa idan abu ya lalace akwai gyara a wani wuri, sai dai ba ka kai gare shi ba tukuna. Na canja Proton zuwa na gwaji, wato Experimental, na koma tsoho, na ɗauko wani nau'insa da ake kira GE, na goge akwatin Wine na gem ɗin na bar shi ya gina sabo, na saka PROTON_LOG=1 a layin tayarwa na zauna ina bin rahoton layi-layi har aka kira assalatu. Rahoton tsaf yake, babu kuskure ko ɗaya. Gem ɗin yana tashi, yana gaisawa da saba, wato kwamfutar kamfanin da ake haɗuwa a kanta, saba ta duba ta ga Linux ce, ta ce a'a. Ka ga kuwa babu abin da za ka gyara a kwamfutarka idan can aka yanke hukunci.

Yawancin gem-gem na gasa suna ɗauke da manhajar hana maguɗi. Manyan guda biyu, Easy Anti-Cheat ta kamfanin Epic da BattlEye, tun Satumbar 2021 suka sanar cewa suna iya aiki da Proton. Sai dai zaɓi ne: mai gem ne zai ce a kunna masa, kuma ranar da ya ga dama ya kashe. Dalilin da ya sa wasu ba sa so shi ne a Windows waɗannan manhajoji suna nutsewa har cikin kanel, wato can ƙasan babbar manhaja inda suke ganin duk abin da ke motsi a kwamfutar. A Linux kuwa a sama suke tsayawa kamar kowace manhaja, kuma mai kwamfuta yana da ikon sauya kanel ɗinsa yadda yake so, ya ɓoye abin da ya ga dama a ƙarƙashi. Shaidar zinariyar da na gani a ProtonDB gaskiya ta faɗa, gem ɗin yana aiki a ranar. Ba ta ce kamfanin ya ɗauki alkawarin komai ba, kuma da na koma na karanta shafin gem ɗin a Steam da idon basira, Windows kaɗai aka rubuta a wajen abubuwan da ake buƙata. Ashe zaman haya nake yi ba takarda, mai gida yana ganina yana karɓar kuɗina, ranar da ya tashi kuma ko notis bai ba ni ba.

Kuma ba gem ɗinmu kaɗai ba ne. A Maris 2020 Rocket League ya daina wasan intanet a Linux da macOS, kamfanin Psyonix ya ce su biyun a haɗe kashi 0.3 cikin 100 ne na masu bugawa, amma su dai sun buɗe ƙofar mayar da kuɗi. A 2024 abin ya zo a jere. League of Legends ya ɗora mai hana maguɗi na kanel, Vanguard, wanda ba ya aiki a Linux, kamfanin gem ɗin, Riot, ya ce masu shiga ta Linux a rana 800 ne da 'yan kai, ba zai tsaya dominsu ba. A Satumba GTA Online ya saka BattlEye bai kunna wa Proton ba, alhali GTA V yana cikin waɗanda aka fi bugawa a Steam Deck. Ranar 31 ga Oktoba kuma Apex Legends, wanda ya shekara biyu da rabi yana aiki a Linux, ya rufe ƙofa, masu gem ɗin, EA da Respawn, suka ce masu maguɗi suna fakewa da Linux, kuma ba su da hanyar bambance Steam Deck ta gaskiya da kwamfutar ɗan maguɗi da ke ƙaryar ita ce.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Wanda ya tsaya mini a wuya shi ne bakin 'yan'uwana masu bugawa. Na ɗauka idan aka kori mutanen da suka biya kuɗinsu ba su yi laifin komai ba, sauran za su ce ba a kyauta ba. Ina! Murna aka yi ta yi. A ƙarƙashin sanarwar da kamfanin gem ɗinmu ya fitar, waɗanda suka fi samun goyon baya su ne masu cewa Allah ya raka taki gona, dama ku ne ɓarayin. Wasu suka ce wa ya aike ku, gem ɗin ai bai taɓa cewa na Linux ne ba. Masu Linux kuma suka yi dandazo suna zuba wa gem ɗin baƙin sharhi a Steam, wanda ya ƙara ba wa waɗancan abin faɗa: ga su nan, ba su kai cikin cokali ba sai ƙarar tsiya.

Har cikin rukuninmu. Da na faɗa musu da safe, wani abokina na Kaduna, wanda tare muka fara gem ɗin, cewa ya yi, "Malam, kai ma ka cika son wahala. Ka saka Windows mana kamar kowa, mu dai jiya mun sha iska, ba a harbe mu ta bayan bango ba ko sau ɗaya." Na ce masa dare ɗaya ba ya zama hujja. Ya ce to shi dai abin da ya gani ke nan. Kafin azahar sun samo wanda zai cike gurbina.

Na ji haushinsa, amma ba zan ce maganarsa banza ba ce. Wanda ya dawo daga aiki a gajiye, ya zuba mai a janareto, ya sayi data, yana fama da jinkirin sabar Turai, sannan wani ya zo yana ganinsa ta cikin gini yana harbinsa a ka daga inda ido ba ya kaiwa, wannan mutumin ba ruwansa da 'yancin manhaja. So yake a kama ɓarawo ko ta wace hanya. Kuma Respawn ta fito daga baya ta ce maguɗi ya ragu a Apex bayan matakin. Masu Linux suka ce an haɗa da wasu matakan a lokaci guda, ta yaya za a san wanne ya yi aikin? Ni ma ina da wannan tambayar. Abin da kowa ya sani shi ne gem-gem ɗin da ba su taɓa barin Linux ta shiga ba, irin su sababbin Call of Duty, har gobe suna kokawa da masu maguɗi. Akwai masu amfani da wata na'ura da ake sokawa a cikin kwamfuta tana karanto ƙwaƙwalwarta tana aika wa kwamfuta ta biyu, wannan kuwa ba ruwansa da wace babbar manhaja ka ɗora.

Akwai kuma abin da abokaina ba sa son ji, cewa manhajar da ka bari ta shiga kanel ka miƙa mata komai. A Yulin 2024 sabuntawa ɗaya ta CrowdStrike, wadda manhajar tsaro ce mai zama a wannan matakin, ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya. Idan na kawo wannan sai su ce ni dai a bar ni da tsoro. Wataƙila. Amma kwamfutar da nake gem da ita, da ita nake shiga banki.

Hujjar yawa ita ce ta fi ba ni dariya mai ciwo. A ce muku ba ku da yawa don haka ba za a kula ku ba, alhali rabin dalilin rashin yawan shi ne mutane suna tsoron irin abin da ya same ni. Duk da haka ƙidayar Steam ta nuna Linux ta haura kashi 3 cikin 100 a Oktoban 2025. Kuma ba kowane mai gem ne ke kallonmu a matsayin kaya ba. Wanda ya ƙirƙiri ΔV: Rings of Saturn ya taɓa bayyana cewa masu Linux kashi 5.8 ne na cinikinsa amma su suka kawo kashi 38 na rahoton kurakurai, kuma kusan dukkan kurakuran sun shafi kowa da kowa, wato gyara suka yi masa kyauta. A farkon 2025 Marvel Rivals ya dakatar da wasu masu Linux da Mac bisa kuskure, kamfanin ya ba da haƙuri ya mayar da su. Ana iyawa idan an so.

Kuɗina kuwa sun tafi. Ƙa'idar mayar da kuɗi ta Steam kwana 14 ce da wasan da bai kai awa 2 ba, ni kuma na wuce nan da nisa, balle kayan cikin gem da aka riga aka yi amfani da su. Na rubuta wa masu gem ɗin, aka turo mini amsa mai ladabi cewa asusuna yana nan daram, in shiga ta manhajar da suke tallafa wa. Wato kayana suna nan, in je in sayi wata ƙofar.

Yanzu kafin in saka ko sisi a gem na intanet, ProtonDB ba ta ishe ni ba. Ina duba Are We Anti-Cheat Yet, shafin da ke bibiyar masu hana maguɗi a Linux, in ga ko kamfanin da bakinsa ya ce yana goyon baya, ko kuwa gem ɗin yana aiki ne kawai don ba a waiwayo shi ba tukuna. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ita ce ta cinye mini dala. Ina kuma karanta shafin Steam har ƙasa, don tun Oktoban 2024 Valve ta wajabta wa masu gem su bayyana idan suna amfani da mai hana maguɗi na kanel. Na kashe sabuntawa ta kai-tsaye, in sabuwa ta fito sai in bari waɗanda datarsu ba ta da iyaka su fara sauke ta su kawo labari. Gigabait talatin ba abin wasa ba ne a nan, musamman bayan ƙarin kashi 50 da NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa a Janairun 2025. Gem-gem na mutum ɗaya kuwa ban taɓa samun wannan fargabar da su ba, haka Counter-Strike 2 da Dota 2 da Valve ke fitarwa don Linux kai tsaye.

Ban koma gem ɗin ba. Na san zan iya raba had-dis in ɗora Windows a gefe, abokina na Kaduna har cewa ya yi zai turo mini kuɗin datar. Na ce ya bar shi. Sake sauke gem ɗin gaba ɗaya, a kan Windows 10 da aka daina kula da ita, don in je in tarar da fentin bindigata, raina bai ba ni ba. Shi yana ganin taurin kai ne, kuma har yanzu idan muka yi waya sai ya tsokane ni da tambayar ya Linux.

Kwanan baya ƙanena ya kawo mini tasa kwamfutar wai in ɗora masa irin tawa, ya ga tana sauri. Na tambaye shi me yake bugawa. Ya ce FC, gem ɗin ƙwallo na EA, da Fortnite. Na ce masa ɗauki abarka ka tafi da ita yadda take, ko ɗaya a cikinsu ba ya tashi a Linux.