Abin da rakiyar baƙi a Alƙahira ta koya mini

A ƙarshen watan jiya na ajiye aikin rakiyar baƙi, na miƙa wayar ofis na kama gabana. 'Yan'uwana ɗalibai da ke wannan harka a Alƙahira sun san yadda take, don haka ba zan tsaya bayanin tarbar mutum a filin jirgi ko yin tafinta a gaban likita ba. Magana ɗaya ce ta tsaya mini a rai, ita ce kuma ta fitar da ni.

Tsarin da na tarar a ofishinmu shi ne, duk baƙon da ya biya kuɗin zaga gari sai an bi da shi shagon turare. Masu shagon suna ware la'ada a kan duk abin da ya saya, la'adar kuma aljihun Oga take faɗawa. Sai ka ga an ba mutum ɗan taƙaitaccen lokaci a gindin dalar Giza, ginin da ya haura shekara 4,500 a tsaye, ana ta yi masa hanzari, amma a shago ya shafe rabin yini ana goga masa turare a bayan hannu ana ɗura masa shayi har kunya ta sa ya saya. Abin da ya fi ci mini rai, Oga ɗan gida ne. Ya san sarai yawancin mutanenmu ba shaƙatawa ta kawo su Masar ba. Marasa lafiya ne da 'yan jinya, wani gona ya sayar, wani dangi ne suka yi masa karo-karo.

Wata rana aka haɗa ni da wani dattijo, malamin zaure daga ƙasar Katsina, wanda aka yi wa aikin ido. Kwana ɗaya ya rage masa, guzurinsa kuma ya kusa ƙarewa. Da na karanta masa jerin wuraren da ofis ya tsara, sai ya ce, "Ɗana, ni ba turare ya kawo ni ba. An ce Shehu Suyuɗi a garin nan yake kwance. Za ka iya kai ni?" Na ce, "Baba, ai ko a ƙafa ne ma je." Mutumin nan tun yana saurayi yake jan baƙi a tafsirin Jalalaini, wanda Suyuɗi na ɗaya daga cikin marubutansa biyu, duk azumi, daga baya ya zama shi ke fassarawa.

Muka shiga motar haya irin ta kowa zuwa wajen masallacin Sayyida A'isha, muka taka zuwa kabarin Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505. A can ma Baba ne ya koma yi mini bayani, ya ba ni labarin wasiƙar nasiha da Suyuɗi ya aika wa Sarkin Katsina da Sarkin Agadas. Ya daɗe yana addu'a, hawaye na zuba ta idon da aka yi wa aiki, har na ji tsoron abin da likita zai ce. Daga nan muka wuce ƙubbar Imam Shafi'i, wanda ya rasu a 820, aka gina masa ƙubbar a 1211 zamanin Ayyubawa. Azahar ta same mu a masallacin Ibn Ɗulun da aka kammala a 879, mai hasumiyar da matakalarta ke kewaya ta daga waje. La'asar kuwa a Azhar muka yi ta, masallacin da aka soma ginawa a 970, inda aka taɓa keɓe wa ɗaliban Barno ɓangarensu na zama da karatu. Muka ci koshari, wato shinkafa da taliya da adas da soyayyiyar albasa, ya ce ya tuna masa da garau-garau. Duk abin da muka kashe a yinin nan bai kai kuɗin ƙaramar kwalbar turare ɗaya ta shagon Oga ba.

Washegari aka tara mu a ofis. A gaban kowa, har da yaran da ni na koya wa hanya, Oga ya ce na karkatar da baƙonsa zuwa wani shago na karɓi la'ada a ɓoye. Na buɗe baki zan yi bayani ya ce, "Malam, nan ba tsangaya ba ce, kasuwa ce." Aka zaftare mini rabin albashin wata. Ba a tambayi direba ba, ba a tambayi baƙon ba. Da yamma dattijon ya kira Oga daga filin jirgi yana ta sa albarka, Oga ya amsa godiyar kamar shi ya tsara tafiyar. Bayan 'yan makonni sai ga sabuwar sanarwa daga ofis, wai ziyarar manyan malamai, hanyar da na bi sak, an sa mata farashi mai tsada, an kuma cusa shagon turare a tsakiya. Har na bar wurin bai ce mini yi haƙuri ba. Kuɗin bai dame ni kamar sunan ɓarawo da aka liƙa mini ba, alhali ban taɓa karɓar ko sisin baƙo a bayan fage ba, kuma su ma sun sani.

To, ga mai niyyar zuwa, da ƙannena da suka rage a aikin, ga abin da na gani da idona. Mafi daɗin Alƙahira ba shi ne mafi tsada ba. Ba a biyan kuɗin shiga Azhar, ko masallacin Husaini, ko Ibn Ɗulun, ko masallacin Amr bn Al-As da ke Fusɗaɗ a tsohuwar Alƙahira, wanda shi ne na farko da aka gina a Masar. Titin Mu'izz daga Bab Zuwaila zuwa Bab Futuh da ƙafa ake binsa, ya fi kyau bayan magariba in an kunna fitilu. Jirgin ƙasan metro, da ke aiki tun 1987, zai raba ka da rikicin 'yan tasi, akwai kuma taragon mata zalla. A gaggauta ziyarar maƙabartar Ƙarafa, inda Suyuɗi da Shafi'i suke kwance, domin tun 2020 aikin tituna da gadoji ke cin wasu sassanta.

A Giza, kada ka hau raƙumi sai kun gama ciniki, har da na saukowa. Shiga cikin babbar dala tikitinta daban, hanyar ƙunci ce a sunkuye, a ƙarshe kuma ɗaki ne da akwatin dutse babu komai a ciki, don haka mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya riƙe kuɗinsa. Masu neman gawar Fir'auna su nufi gidan tarihin da ke Fusɗaɗ, can aka mayar da gawarwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 a 2021, har da ta Ramsis na biyu. Ba a rubuta a jikin ko ɗaya cewa shi ne na zamanin Annabi Musa ba, kada ɗan rakiya ya ƙara maka gishiri don ka ji daɗi. Ɗalibi ya riƙe katin makarantarsa, ana rage masa kuɗin tikiti. A kasuwar Khan Khalili farashin farko buɗe ciniki ne kawai. Kwale-kwalen kogin Nilu kuwa a haɗu a yi karo-karo, ya fi jirgin cin abincin dare araha nesa ba kusa ba.

In ɗan rakiyarka ya nace sai ka shiga wani shago, ka ce masa ba ka so, amma kada ka zage shi. Sau da yawa yaron ba shi da ko taro a ciki, albashinsa yake karewa daga wanda ke zaune a ofis.