Alhamis Mai Tsarki da ƙafar Baba

Tun da Katikis ya aiko ranar Talata cewa Baba yana cikin mutum 12 da Fada zai wanke wa ƙafa, gidan nan bai huta ba. Yau da hantsi na tarar da shi a bayan ɗaki kan kujera 'yar tsugunno, ya tsoma ƙafa cikin roba, yana ta dirzar kaushi da dutse. Ya sa Danjuma ya yanke masa farce, ya kuma kwashe rabin man kaɗanyar Mama. Na ce, "Baba, idan kun wanke ta tas haka, me kuka rage wa Fada?" Ya ce in tashi in ba shi wuri, shi ba zai kai ƙafar gona gaban bagade ba. Har Mama sai da ta dara.

Zafi kuwa ba a magana. Ba wuta tun jiya. Gicciyen da Mama ta saƙa da ganyen kwakwa ranar Lahadi ta rataye a saman ƙofa har ya bushe ya fara lanƙwashewa. Nan zai zauna sai baɗi, a tattara a ƙona a samu tokar da za a shafa mana a goshi ranar Larabar shiga azumi.

Mas ɗin yamma ya cika maƙil. Da aka ɗauki waƙar ɗaukaka, aka saki ƙararrawa da ganguna gaba ɗaya, daga nan kuma aka ajiye ƙararrawa sai daren Asabar. Yaran bagade katako suke bugawa a madadinta, ƙwas ƙwas. Aka karanta Yohanna sura 13, inda Yesu ya wanke ƙafar almajiransa, Fada ya tuɓe babbar riga, ya ɗaura tawul, ya durƙusa. A hudubarsa ya ce a wancan zamani wanke ƙafar baƙo aikin bawan gida ne, shi ya sa Bitrus ya ƙi da farko. Da layi ya zo kan Baba, sai na ga ya sunkuyar da kai, duk cika bakin nan na safe ya tafi. Fada ya zuba ruwa daga buta, ya share, ya wuce. Ko minti ɗaya ba a yi ba.

Abin da ya hana ni barci a waje ya faru, muna zaune kan benci muna jiran a kira Zumuntar Mata su shiga nasu zaman tsaro. Na ce wa Mama, cikin wasa ma na faɗa, "Mama, ku yaushe za a zaɓe ku?" Kafin ta buɗe baki Goggo Talatu ta cafe, wai manzanni maza ne, mace me ya kai ta. Na ce Goggo, ai an daɗe da wuce nan. A 2013 Paparoma Francis ya je gidan yarin matasa a Roma ya wanke ƙafar mutum 12, da 'yan mata biyu a ciki, da Musulmi ma. A 2016 kuma aka gyara dokar, aka ce a iya zaɓar mata. Goggo ta taɓe baki ta ce, "Can Roma kika ce." Na so in ƙara, Mama ta dafa mini gwiwa.

"Ke Rifkatu, bar zancen nan. Ni da na saba wanke ta wasu, ina zan iya miƙa tawa? Kunya ma ba za ta bar ni ba."

Haka kawai ta faɗa, tana gyara ɗankwali, ba fushi ba gori. Ni kuwa sai zuciyata ta koma ɗakin Kaka. Tunda ɓarin jikinta ya shanye har Allah ya karɓi abarsa, Mama ce ke ɗora ruwa kowace safiya, ta surka, ta taɓa da gwiwar hannu ta ji ko ya yi daidai, ta bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya da tsumma, sannan ta shafe da man kaɗanya saboda tsagewa. Kaka kuwa ba mai sauƙi ba ce, wata rana ma shure robar take yi. Uwar miji ce fa, ba tata ba. Goggo da Kaka ta haifa takan leƙo ranar Lahadi da lemo a leda, ta ce sannu, ta tafi. Ban faɗi wannan a kan bencin ba, ina da sauran hankali, amma ya tsaya mini a maƙogwaro. Ba na jin haushin Baba, ya cancanta, shekara nawa yana share harabar coci ba wanda ya sa shi. Abin da ke ci na shi ne yadda Mama ta ɗauka tun asali kujerar nan ba tata ba ce, kuma ba wanda ya taɓa gaya mata akasin haka.

An kwashe kayan bagade, an bar shi tsirara. Zaman tsaro har sha biyun dare, ƙungiya bayan ƙungiya, don tuna Getsamani inda almajirai suka kasa yin sa'a ɗaya ido biyu. Danjuma ya riƙe musu al'ada, da minsharinsa.

Gobe ba Mas. Matasa za su yi wasan Hanyar Gicciye a kan titi, tasha 14 cikin wannan rana, Bulus ne sojan Roma, tun makon jiya yake fenta hular kwali. Ƙarfe 3 a taru a sumbaci gicciye. Ba nama, kifi kuma ya yi tashin gwauron zabi, don haka wake za mu ci. Goggo ta riga ta kafa dokarta ta kowace shekara: kar wanda ya je gona, kar wanda ya buga ƙusa. Ban taɓa jin Fada ya faɗi haka ba, amma wa zai ja da ita. Asabar da dare a hura wuta a waje a kunna babbar kyandir, Litinin kuma yara su tafi Galili, wato fita shaƙatawar Ista, da shinkafarsu.

Yanzun nan Goggo ta aiko Laraba wai idan zan yi alale gobe in sa da nata, kuma kar yaji ya yi yawa.