Laraba: takardar cikin kwali

Laifina ne, ni na aiki Ummi. Maganin Khalifa saura ƙwaya biyu, ni kuma ina da darasi biyu a jere da 'yan aji biyar, sai na ba ta kuɗi da takardar likita na ce in an tashe su ta biya kemis ɗin da muka saba ta karɓo. Ta karɓo ɗin kuwa. Sai dai ba ɗakina ta kai ba, Gwaggo ta tarar a gindin dogon yaro tana tsinkar zogale, ta miƙa mata ledar. Kun dai san Ummi, tun da ta shiga sakandare ko kwalin ashana ta gani sai ta karanta. Ta zaro takardar nan mai ƙananan rubutu da ake naɗewa cikin kwali, ta hau karanta wa kakarta da ƙarfi tana fassarawa, har ta iso kan kalmar kansa.

Na sauka daga agwagwa da buje wajen biyu da rabi, rana kamar ta tsaga kai. Ko sallamata ba a gama amsawa ba.

"Ke, taho nan. Tun yaushe mijina ka shan maganin daji ba ku hwaɗa mani ba?"

Na durƙusa na ce, Gwaggo ba daji gare shi ba, maganin sikilarsa ne, wanda likita ya ɗora shi a kai shekara biyu ke nan.

"To mi yas sa anka rubuta daji? Masu yin shi ba su san abin da sunka yi ba?"

Abin da ya ɗaure mini baki shi ne gaskiyarta. Hydroxyurea maganin kansa ne tun asali. A 1967 aka amince da shi a Amurka don kansa, musamman irin ta jini wadda fararen ƙwayoyi ke hayayyafa ba birki, shi kuma aikinsa rage musu wannan gudu. Daga baya ne, cikin shekarun 1980, likitoci suka lura yana sa jiki ya koma yin irin sinadarin jinin da jariri ke da shi a ciki, wanda ba ya lanƙwashewa kamar lauje. Shi ya sa jaririn sikila yakan yi lafiya lau sai wajen wata shida ciwon ya fara nuna kai, lokacin da wancan jinin na ciki ya ja baya. Haka muka gani da Khalifa, wata bakwai hannuwansa suka kumbura. A 1995 aka tsayar da wani babban gwaji a Amurka tun wa'adinsa bai cika ba, don an ga masu shan maganin tashin ciwonsu ya ragu da kusan rabi, ba adalci a ci gaba da hana sauran. A 1998 aka amince da shi don sikila. Takardar cikin kwali dai ba ta manta asalinsa ba.

Duk wannan na san shi kamar Fatiha, amma je ki faɗa wa Gwaggo shi kina durƙushe a rana da jaka a kafaɗa. Abin da na iya cewa kawai, Gwaggo ai kanwa ma a miya ake sa ta, a kuma ba doki. Ta harare ni. Ban ga alamar misalin ya shiga ba, ni kaina da na sake tunani ban ga ya dace ba.

Sai na gwada ta wata hanya. Na tuna mata awon kan da aka yi masa, wanda aka ɗora masa na'ura a gefen kunne ana jin jini na wucewa fuu fuu. Likita ya ce gudun jinin a jijiyoyin ƙwaƙwalwarsa ya haura 200, kuma yaron da nasa ya kai haka yana bakin shanyewar ɓarin jiki. Mutane ba su san wannan ba, an ɗauka ciwon tsofaffi ne, alhali kusan ɗaya cikin goma na yaran sikila yana samunsu kafin shekara 20 in ba a tare ba. A ƙasashen da ke da hali ƙarin jini ake yi wa irin waɗannan yara wata-wata. Mu ina muka ga jinin, ina muka ga kuɗin? Don haka aka yi gwaji nan kusa da mu, a Kano da Kaduna, da yara 220, aka ba wasu miligiram 10 na maganin kan kowane kilo na nauyinsu, wasu 20, sakamakon ya fito a 2022, ya nuna ko ƙaramin awon ma yana tare abin. Na ce, Gwaggo, yaran Hausawa ne irin Khalifa aka gwada a kansu, ba Turawa ba. Maganin nan shi ke tsakaninsa da shanyewar da ta sami kakansa Alhaji.

Nan na taka sawun ɓarawo. Ta ajiye tiren zogale.

"Kada ki haɗa. Na Alhaji gado na. Ubanai haka yay yi, kakanai haka. Wanga kuwa na yaro, mu gidanmu babu wagga cuta. Iska ta, ranas suna tas same shi."

Na ce haka ne, Gwaggo. Me zan ce? Na shige ɗaki, na cire hijabi, na zauna bakin gado, fanka tsaye don babu wuta tun asuba, maganar nan tana ta juya mini a ciki har yanzu da nake rubutu.

Ku duba fa yadda ta juya su. Ciwon da yake gado tsantsa, harafi ɗaya tak da ya sauya a ƙwayar halittar da ke gina jini, wanda sai uwa ta bayar uba ya bayar kafin ɗa ya kamu, shi ne iska. Wanda kuma rabinsa a cikin tukunyarmu ake dafa shi, shi ne gado. Sannan wai gidanmu babu. Gwaggo ƙanwar babana ce, uwa ɗaya uba ɗaya! Gidan nasu ai shi ne gidan namu. Ni AS, Abban Ummi AS, in ba ta wurinta ya samo ba to ta wurin babansa Alhaji ne, babu na uku. Ba kuma auren zumunci kaɗai zan ɗora wa laifi ba, tunda kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya na ɗauke da S ɗin nan, ko bare na aura daga Illela ko Tambuwal ana iya yin karo. Ta daɗe a cikinmu ne don mai AS ya fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani.

Na Alhaji kuwa, ba zan ce ta yi ƙarya ɗungurungum ba, hawan jini yana bin dangi. Amma ni na san me ke shiga bakin Alhaji. Dunƙule huɗu a miyar mutum shida, ga gishiri, ga kanwa, in an kai masa kuma sai ya ce a miƙo masa ɗan gishiri ya barbaɗa. Balangu duk dare kafin ya kwanta ciwo, kilishi a aljihun mota. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kada gishirin mutum a yini ya kai giram 5, wajen ƙaramin cokalin shayi ke nan, har da wanda ke cikin dunƙule da burodi. Akwai babban binciken da aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana, har da Kano da Zariya, mai suna SIREN, da ya fito a 2018. An ɗauki mutum sama da 2,000 da jikinsu ya shanye aka gwada su da wasu masu lafiya sa'anninsu. Hawan jini ne ya tafi da kusan kashi 90 cikin 100 na alhakin. A bayansa akwai ciwon suga, kitse a jini, tumbi, cin nama kullum, barbaɗa gishiri a kan abinci, damuwa, zaman wuri ɗaya, sigari, da rashin cin ganye. Ganye fa! Zogalen da take tsinka, da rama, da tafasa, waɗanda Alhaji ke kira abincin awaki. In ka cire sigari, jerin nan kamar a zauren gidanmu aka zauna aka rubuta shi.

Shekara uku ke nan hannunsa na hagu a rataye. 'Yar farar ƙwayarsa ta hawan jini kuma sai ran da ya ji kansa na sarawa yake sha. Na gaji da cewa hawan jini ba ya sallama. Ranar Asabar da na auna shi 170 bisa 100 na gani, ya ce na'urar ce ta tsufa.

Kalmar gado daɗi gare ta, na lura. In aka ce gado ne an huta, ba mai taɓa tukunya.

Da la'asar, ina wanke wa Khalifa kwalbar ruwansa, sai wani abu ya faɗo mini da ya kashe mini fushin gaba ɗaya. Babana, Allah ya ji ƙansa, ya taɓa gaya mini Gwaggo ta binne 'ya'ya uku kafin Abban Ummi ya tsaya, dukansu ba wanda ya kai shekara biyar. Ya ce idonsu kan yi ɗorawa, hannu da ƙafa su kumbura, su yi ta kuka dare da rana. Wabi aka ce tana yi, har huda kunne aka yi wa Abban Ummi don ya zauna. Ba wanda ya auna jinin yaran nan, ba kuma zan rantse ba. Amma ni da nake zana wa ɗalibai akwatin nan mai gida huɗu a allo duk shekara, AA ɗaya, AS biyu, SS ɗaya, kuma kowane ciki da nasa rabon daga farko, na san kamar me wannan labari ya yi. In ta yarda na Khalifa gado ne, sai ta koma ta tono ukun can ta sake yi musu lissafi. Matar da ta haura saba'in. Iska ta fi sauƙin ɗauka, ko ni ce.

Ni ma ai ba wanke hannu zan yi ba. Ina da digirina a kimiyyar halittu aka ɗaura mana aure, ban yi gwajin ba. Kunyar Gwaggo na ji. Sai bayan kumburin hannun Khalifa muka je.

Hajja ma ta faɗo mini, kakarmu ni da Abban Ummi, wadda ta rasu ba ta gane 'ya'yanta, tana neman hanyar Gwadabawa a tsakar gida. In na manta inda na ajiye makulli sai gabana ya faɗi. Abin da nake rarrashin kaina da shi binciken Ibadan ne: tun 1992 aka bi tsofaffin Yarbawa a can da baƙaƙen fata tsofaffi a Indiyanafolis ta Amurka, aka tarar ciwon mantuwa na Alzheimer yana kama na Ibadan ƙasa da rabin yadda yake kama na Amurka. Ƙwayar gadon nan ma da ake kira APOE4, mai ƙara haɗarin sosai a can, a Ibadan ƙarfinta bai kai haka ba. Iri kusan ɗaya, gona daban. Da wannan nake kwana in abin ya taso.

Abban Ummi ya dawo daga kasuwa bayan magariba, na ba shi labari. "Ki ƙyale ta," shi ke nan abin da ya ce, ya nemi fura. Wani lokaci sanyin mutumin nan yana ba ni haushi, wani lokaci shi ke riƙe da gidan.

Wuta ta zo bakwai da kwata, ta koma takwas saura. Ruwan randa kamar an dafa. Khalifa ya sha kwalba huɗu yau, da faɗa. Takardun gwajin 'yan aji huɗu ko buɗe su ban yi ba. Awon jininsa Litinin, kar in manta, don maganin yana iya rage ƙwayoyin jini in ba a sa ido.

Bayan isha'i Gwaggo ta aiko a kai mata mijinta da maganinsa. Na bi su na tsaya bakin ƙofa. Ta karɓi kofin ruwan ta yi tofi a ciki, ta ɗora ƙwayar a tafin hannunta ta daɗe tana kallo, sannan ta ce masa, "Yi bisimilla, maigida." Ya haɗiye, ya ce ta ba shi tukuicin naira ɗari tunda ya sha a gabanta. Ta ce miji ka ba mata, ba mata ka ba miji ba. Suka yi ta yi.

Har na juya ta kira ni, murya ƙasa-ƙasa don kada Alhaji ya ji daga ɗakinsa.

"Wanga da kinka ce shina tare shanyewa, ba shi yi ma Alhaji?"

Na ce a'a Gwaggo, nasa daban ne, yana nan cikin gwangwani a kan taga, kullum ake sha ko kai bai sara ba. Ta ce, "Uhm." Ban san ko wane irin uhm ba ne.

Na miƙa hannu in karɓi takardar, ta ce in bar ta nan. Ta ninke ta ta tura ƙarƙashin filo, ta ce gobe in Ummi ta taso ta karanta mata bayan. Bayan kuwa nan ne aka jera illolin maganin, layi-layi, har ƙasa.